Gwanjo a Gwangjo: Yadda Ake Raba Kayan Nutso da Gishiri

Kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, wato wajen cokalin cin abinci biyu. Idan mai nutso ya fito daga ruwa bai ɗauraye kayansa da ruwan daɗi ba, ruwan zai bushe ya kama gabansa, gishirin kuwa ya tare. Yana shiga tsakanin haƙoran zif, ya kwanta a tsagin noti, ya laɓe ƙarƙashin zoben roba, ya bi tiyo har inda ido ba ya kai wa. Kayan da aka yi haya da su shekara da shekaru a bakin teku, kowa ya sa ya cire ya jefar, sukan tara shi hawa hawa, har ya zama ɓawo fari mai tauri da farce ba ya kankarewa.

Ƙwayar gishiri tana da kaifi, don haka takan goge roba daga ciki kamar garin kwalba. Tana kuma zuƙo danshi. Da zarar laimar iska ta haura kashi 75 cikin ɗari, gishiri yakan fara narkewa da kansa, abin da duk matar da ta taɓa buɗe gwangwanin gishiri da damina ta sani ba sai an karanta mata ba. Wannan danshi mai gishiri shi ne ke cin ƙarfe: tagulla ta yi koriyar tsatsa, alminiyam ya yi farin gari kamar an barbaɗa masa alli. Akwai kuma ɓawon da ke kama da gishiri a ido amma dangin farar ƙasa ne, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi in an daɗe ana dafa ruwan burtsatse. Gishiri ruwa ke narkar da shi. Wannan ɓawon kuwa sai da abu mai tsami.

Bahaushe ya san gishiri tun zamanin da ayarin raƙuma ke ɗauko kantu daga Bilma da Fachi zuwa Agadas da Damagaram da Kano, sai dai ya san shi a matsayin abin da ake biyan kuɗi a shigo da shi gida. Korarsa daga gida sabon ilmi ne, tunda daga Kano zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Mai wannan rubutu, ɗan kasuwar kayan waya wanda zurfin ruwan da ya taɓa shiga bai wuce kududdufin unguwarsu ba, ya koyi ilmin ne cikin kwana tara a wani ɗakin otal a Xiaobei, kuma duk abin da za a faɗa a nan babu ƙarin gishiri, don wanda ke jikin kayan ma ya isa.

Xiaobei, da ake furtawa Shawbe, unguwa ce a gundumar Yuexiu ta birnin Guangzhou, kuma ma'anar sunan ƙaramar arewa, daga sunan wata ƙofa ta tsohuwar ganuwar birnin. Shi kansa Guangzhou a bakin masu garin yana fita ne kamar Gwangjo, kusa ƙwarai da gwanjo, abin da ya kamata ya zama ishara ga mai hankali. Fataken Afirka sun fara yawaita a nan tun ƙarshen shekarun 1990, bayan rikicin kuɗi na 1997 ya dagula musu harka a Bankok da Jakarta. 'Yan ƙabilar Ibo sun fi taruwa can wajen Sanyuanli, Musulmin Afirka ta Yamma kuwa, 'yan Mali da Gini da Sanagal da Nijar da arewacin Najeriya, suka fi son Xiaobei saboda gidajen abincin halal na 'yan ƙabilar Hui da Uighur. Wanda ya sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta layi na 5, da aka buɗe a 2009, zai ga dogon benen Tianxiu a bakin titin Huanshi, shaguna a ƙasa, ofisoshin masu kago a sama. In ya haye gadar ƙafa ya kutsa lungunan Dengfeng zai tarar da shadda, gashin kanti, fitilar sola, tayil, injin markaɗe, da masu tura kaya a kura suna ihu a ba su hanya. Kayan nutso ba sa cikin hajar unguwar. Amma a Xiaobei babu mai shagon da ke cewa babu. Sai ya zaunar da mutum, ya ba shi shayi, ya kira wani a WeChat, wanin ya kira wani.

Saƙon ya zo ne daga Yawuri. Kawun mai wannan rubutu yana da jiragen ruwa masu inji da ke fito a kogin Kwara, sama da tafkin Kainji, kuma sau biyu injin yana suɓucewa ya faɗa ruwa. Sarkawa masu nutso da numfashi ɗaya, irin waɗanda ake kallon gwanintarsu a bikin kamun kifi na Argungu, sun ciro na farko suka karɓi ladan da Kawu bai manta ba har yau. Na biyun yana can ƙasa. Ana cikin haka wani ya nuna masa bidiyo a waya, Turawa na yawo a ƙarƙashin ruwa da tukunya a baya kamar suna zagaya kasuwa.

"Ɗan nan, tunda kana Caina, ka sayo min irin kayan nan. Kada ka sayi sabo, kuɗin ba su kai ba."

"Kawu, Allah ya ƙara girma, ni fa caja da murfin waya na sani."

"To shi kayan ruwan ba sayar da shi ake yi ba? Ka yi ciniki kamar yadda ka saba."

Bayan kwana uku wani mai shagon jakunkuna ya jawo babban buhu daga ƙarƙashin teburinsa. Ya ce kayan daga Sanya suke, a tsibirin Hainan, inda masu yawon buɗe ido ke zuwa nutso, kuma na wata makarantar koyon nutso ce da ta rufe. Kalkuleta ta yi ta kai da kawo tsakanin hannaye biyu har farashin ya dawo sulusi. Da aka nuna masa farin ɓawon da ya rufe komai, sai ya goge wani wuri da babban yatsa ya ce "mei wenti", wato ba matsala, kalmar da duk ɗan kasuwar da ya daɗe a Caina ya san ba ta da dangantaka da matsala ko rashinta.

A cikin buhun akwai tukunyar iska ta alminiyam mai cin lita 11, nauyinta wajen kilo 14, wadda ake ɗura wa iska har matsin bar 200, ninki tamanin da ɗoriya na abin da ke cikin tayar mota. Akwai regileta mai hawa biyu: na farko ana ɗaura shi a bakin tukunya ya sauko da matsin zuwa bar 9 ko 10, na biyu shi ne ake cusawa a baki. Kamanninta da regiletar tukunyar gas ba haɗuwar jini ba ce kawai, domin wadda Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943 ta samo asali ne daga regiletar da Gagnan ya yi wa motoci masu aiki da gas lokacin da yaƙi ya kawo ƙarancin fetur. Sai falmaran mai shan iska da ke daidaita mutum a ruwa, rigar roba mai kauri daga wuya har idon sawu, tabarau mai rufe hanci, takalman agwagwa, da ɗamarar dalma.

Matakin farko jiƙo ne, kuma rabin aikin ke nan. A cika baho da ruwa mai ɗumi kaɗan, a tsoma kayan, a bar su awa ɗaya zuwa kwana guda gwargwadon kaurin ɓawon, a riƙa motsa su, a canja ruwan sau biyu ko uku. Tafasasshen ruwa ba ya ƙara komai. Lita ɗaya ta ruwan sanyi tana narkar da gishiri giram 360, ta tafasasshe kuwa ba ta wuce 390, bambancin da bai kai a ɓata roba saboda shi ba, alhali zafin yana sassauta gam, ya taurara rigar, ya lanƙwasa zobban roba. Mai wannan rubutu ya yi daidai a nan, amma ba don sani ba: hitar otal ɗin ce ta lalace. Abin da bai lissafa ba shi ne ɗakin na mutum biyu ne, banɗaki ɗaya, kuma abokin zamansa, wani dattijon Alhaji ɗan Maraɗi mai sarin shadda, ya tashi alwalar asuba ya kunna fitila ya tarar da baƙar sura mai hannuwa da ƙafafu, ba kai, tana reto a cikin baho. Salatin da ya saki an ji shi har hawa na ƙasa.

Regileta tana da doka biyu da ba a karya su. A bakin hawa na farko, inda take haɗuwa da tukunya, akwai ɗan murfin roba. Dole a bushe shi, a rufe shi gam kafin ta taɓa ruwa, kuma ko da shi gara a ɗauraye wannan ɓangare a sama sama maimakon a nutsar da shi. A gaban hawa na biyu kuma akwai babban maɓalli mai laushi da mai nutso ke dannawa don korar ruwa daga bakinsa. In babu iska a tiyo, danna shi yana buɗe ƙofa ne ruwa ya bi tiyon ya shige cikin hawa na farko, inda babu yadda za a yi ya fito sai an kwance na'urar. Mai wannan rubutu ya dubi murfin ya yanke hukuncin cewa shi ne zai hana ruwa shiga ya wanke ciki da kyau, don haka ya cire shi ya ajiye a aljihu don kada ya ɓata. Maɓallin kuma yana fitar da 'yan kumfa masu ban sha'awa in an danna shi a ƙarƙashin ruwa. Ya danna shi fiye da sau ashirin, yana jin daɗin cewa datti ne ke fita.

Bayan jiƙo sai a koma kan ɓawon da ya ƙi tafiya, kuma a nan ne khal ke shigowa. Farin khal na girki, mai ƙarfin tsami wajen kashi 5 cikin ɗari, ake gaurayawa da ruwa rabi da rabi. A tsoma ƙarafan da aka iya cirewa minti 10 zuwa 15, za a ga ƙananan kumfa na tashi, a goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Kwana a cikin khal ɓarna ne, domin tsamin yana shiga ƙarƙashin ƙyallin kurom ya ɓare shi, ya zuƙe tutiyar da ke cikin tagullar, ƙarfen ya koma ja ja mai raraka. Hikimar dai ita ce ta mata masu saɓe tasa da tsamiya ko lemun tsami, waɗanda ba sa barin kwano ya kwana a ciki.

A Caina khal iri biyu ne a kanti. Akwai fari, da suke kira bai cu, akwai kuma baƙi, irin na Zhenjiang da na Shanxi, wanda ake ajiyewa a kan tebur a shagunan taliyar Lanzhou. Mai wannan rubutu ya sha ganin baƙin a kan tebur, don haka ya shiga kanti ya nufi layin baƙaƙen kwalabe ya ɗauki manya guda huɗu. Wayarsa tana da manhajar da ke karanta rubutun Sinanci da kyamara, amma mutumin da ya shekara shida yana zuwa Caina ba ya tsayawa gaban yarinyar kanti yana haska kwalba kamar baƙo. Ya juye su a bokiti, ya zuba ƙarafan da abin cusawa a baki da tabarau, ya ga babu kumfa, ya ce aikin na ciki ne, a ba shi dare.

Da safe ɗakin ya ɗauki ƙamshin gidan abinci. Alhaji ya leƙa bokitin, ya tsoma ɗan yatsa, ya ɗanɗana, ya yi shiru na ɗan lokaci.

"Yaro, mi kac ce kana fiddawa ga kayan ga?"

"Gishiri, Baba Alhaji."

"To wanga ai magi na."

Soya sos ne. Gishirin da ke cikinsa yakan kai kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari, wato ninki huɗu zuwa biyar na ruwan teku. Kayan da suka tsira daga tekun Hainan sun kwana a ruwan da ya fi shi gishiri, kuma farar robar da ke kewaye da tabarau ta rine zuwa launin ƙosan da ya wuce minti biyu a mai, launin da har yau bai fita ba. Wankin hula ya kai mutum dare, aka koma jiƙo daga farko.

Game da kanwa, wadda Alhaji ya ciro daga jakarsa da kyakkyawar niyya: ba ta narkar da irin wannan ɓawo, kuma tana cin alminiyam. In an zuba ta a kan khal na gaske, wanda aka sayo a karo na biyu bayan an haska kwalbar, abin da ake samu kumfa ne mai tasowa kamar fura ta kwana, ya cika bokiti ya malalo ƙarƙashin ƙofa, sannan kowannensu ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa a tashi da ruwan banza. Amfaninta ɗaya, ɗan kaɗan a ruwan ɗauraya na ƙarshe don kashe sauran tsami, kuma bekin soda ta fi ta dacewa da wannan.

Falmaran wankinta biyu ne, na waje da na ciki. A cikinta akwai jakar iska, kuma duk lokacin da mai nutso ya saki iska a ƙarƙashin ruwa, ruwan teku kaɗan yakan shiga. Idan ya bushe a can, ƙwayoyin gishirin su ne ke huda jakar. Ana danna maɓallin sakin iska da ke bakin tiyonta, a ɗura ruwan daɗi har sulusin jakar, a hura sauran da baki, a girgiza ta sama da ƙasa, a kifa ta a zubar, a maimaita har ruwan da ke fita ya daina ɗanɗanon gishiri. Sai a bar ta da 'yar iska a ciki don kada bangon jakar ya manne. Ana so mai hurawa ya saki maɓallin kafin ya ja numfashi. Wanda bai saki ba, jakar za ta mayar masa da abin da ta daɗe tana ajiye da shi, kuma ta haka ne mai wannan rubutu ya fara ɗanɗana ruwan teku a rayuwarsa, a hawa na bakwai, nesa da teku, ruwan ma gwanjo. Akwai kuma wani ɗan zare mai ƙulli a kafaɗa da wani a ƙugu. Ja ɗaya suke buƙata su zubar da duk abin da ke ciki nan take, don haka ba a jan su don son sani a saman gadon da aka shimfiɗa samfurin shaddar mutane.

Rigar roba an yi ta ne da niyofirin, robar da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1930, cike da ƙananan ƙwayoyin iska masu riƙe ɗumin jiki. Ba ta son omo mai ƙarfi, ba ta son bilic, ba ta son rana, ba ta son kananzir ko basilin ko baƙin mai, domin irin waɗannan mayuka da aka samo daga fetur suna lalata ta. Sabulun wankan jarirai kaɗan ya ishe ta. Raunin rigar yana wurin zif, musamman in kan zif ɗin na ƙarfe ne, don gishiri yakan haɗa shi da haƙoran su zama abu ɗaya. Ba a ja da ƙarfi. Ana ɗiga ruwan ɗumi da khal, a goge da buroshi, a motsa shi gaba kaɗan baya kaɗan, in ya sake a goga masa kakin zuma ko kyandir.

Duk wannan ana yin sa ne kafin a sa rigar. Mai wannan rubutu ya ga zif ɗin yana motsi bayan jiƙo, ya ce amana ce, ba zai aika wa Kawu abin da bai gwada ba. Shiga ta ɗauke shi minti ashirin da tsalle tsalle. Zif ɗin a baya yake, da doguwar igiya don mai rigar ya ja da kansa. Ya ja, ya hau sumul har tsakanin kafaɗu, ya ci karo da wani dunƙulen ɓawo, ya haye shi, ya tsaya. Sama ya ƙi, ƙasa ya ƙi. Igiyar, wadda ita ma ta sha gishirinta, ta tsinke a ja na uku. Rigar da aka ɗinka don riƙe ɗumi a cikin ruwan sanyi ta shiga aikinta a ɗakin da ba ruwa ba sanyi. Gumi ya taru a ƙafafu har yana ƙara in an taka. Azahar ta gabato, hannun rigar kuwa ya kama wuyan hannu kamar an ɗaure da roba, ba ya naɗuwa ko rabin kamu, balle a kai ga gwiwar hannu a yi alwala. Ana cikin haka mai sharar ɗaki ta ƙwanƙwasa ta buɗe, ta dubi baƙo tsaye da baƙar roba daga wuya har ƙasa, hular zanna a ka, carbi a hannu, ta ce wani abu da Sinanci, ta ja ƙofar a hankali.

Alhaji ne ya dawo daga kasuwa ya yi ceto. Ya kifa shi a bakin baho kamar ragon da za a wanke ranar jajiberin salla, ya riƙa tsiyaya masa ruwan ɗumi da khal a gadon baya yana gurzawa da buroshi, yana faɗin abin da ya ga dama game da yaran zamani. Buroshin na mai rigar ne, wanda yake wanke baki da shi. Bayan minti goma sha biyar zif ya sauka. Wannan ne karo na farko da aka bi ƙa'ida daga farko har ƙarshe, kuma ta yi aiki.

Shanya a inuwa ake yi, inda iska ke kaɗawa, rigar a juye cikinta waje a kan hanga mai kauri. A Kano da hunturu wannan aikin yini ɗaya ne. A Gwangjo tsakanin Fabrairu da Afrilu akwai yanayin da suke kira huinantian, lokacin da iska mai ɗumi daga teku ke dawowa ta tarar da gine gine da sanyi, bango ya yi ta zufa, madubi ya dushe, tayil ya yi santsi, laima ta kusa kashi ɗari. Masu garin rufe tagogi suke yi. Baƙo daga Sahel buɗewa yake yi don kaya su sha iska, sai ya wayi gari sun fi jiya jiƙa, ga fumfuna ta fara tsirowa a kafaɗar falmaran. Abin da ya yi magani shi ne rufe ko'ina a kunna na'urar sanyaya ɗaki a kan alamar ɗigon ruwa, kwana biyu, Alhaji na kwana da rigar sanyi da rawani.

Tukunya ba a wanke cikinta a gida. Wajenta kawai ake ɗaurayewa, a cire takalmin robar da ke gindinta, don a nan farin gari ke ɓuya. A kafaɗarta akwai lambobi da aka buga a jikin ƙarfen, cikinsu har da wata da shekarar da aka yi mata gwajin matsi na ƙarshe. A ƙasashe da yawa ana wannan gwaji duk shekara biyar, ana kuma leƙa cikinta da fitila duk shekara. Tambarin ƙarshe na wannan tukunya ya girmi auren mai wannan rubutu, wanda ke da 'ya'ya uku. Masu kago kuma ba sa karɓar tukunya mai iska, ko ta jirgin sama ko ta kwantena, sai an juye ta an kwance kan. Juyewar a hankali ake yi, a buɗe kan kaɗan a bar ta tana tsiyaya na tsawon lokaci. Wanda ya murɗe kan gaba ɗaya a cikin rufaffen ɗaki zai ji ƙarar da ba ta da misali sai ta tayar tirela da ta fashe ta ƙi ƙarewa. Labule ya tashi, rasiɗan wata guda suka watse, bakin tukunyar ya yi fari da sanyi, 'yan Gini biyu na ɗakin kusa suka sauka ta matakala ba takalmi. Manajan otal ya hau da kalkuletarsa. A wannan karon ba a ce mei wenti ba.

A rana ta takwas, bayan an fito daga sallar Juma'a a masallacin Xianxian, inda al'adar Musulmin Caina ke cewa kabarin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas yake, wani ɗalibi ɗan Zariya ya ji labarin, ya yi dariya har ya zauna a bakin titi, sannan ya raka mai kayan wani shagon masu nutso na gaske a can wata unguwa. Mai gyaran ya kwance hawa na farko cikin minti biyar. 'Yar matatar ƙarfe da ke bakinsa, wadda ya kamata ta zama ruwan toka, ta yi kore shar. Daga ciki wani ruwa ruwan ƙasa ya ɗigo a kan farin tawul. Mutumin ya sunsuna, ya dubi ɗalibin da ke musu tafinta, ya tambaya ko an dafa ta ne.

Bayaninsa gajere ne. Wanki na fitar da gishirin da ke waje, kuma kowa na iya yi. Abin da mutum zai shaƙa a zurfin mita goma, inda matsin ruwa ya ninka na sarari sau biyu, sai an kwance shi gaba ɗaya, an wanke ƙarafan a injin da ke girgiza ruwa, an sauya kowane zoben roba, an shafa man silikon, an gwada a kan ma'auni, kuma ana yin haka duk shekara ɗaya ko biyu ko da kayan ba su taɓa ganin magi ba. Kuɗin gyaran ya fi kuɗin sayen. Tukunyar ya leƙa ta da fitila ya girgiza kai. Ya ƙara da tambayar da babu wanda ya yi tunaninta tun daga Yawuri har Xiaobei: a ina za a riƙa ɗura iskar? Shirin Kawu shi ne wajen mai faci. Injin mai faci ba ya wuce bar 8 zuwa 10, kuma iskarsa gauraye take da mai da hayaƙin janareta, abin da ke iya kashe mutum a ƙarƙashin ruwa. Mai nutso da tukunya kuma sai ya koyi aikin wurin malami, ko don ya san cewa riƙe numfashi yayin tasowa yana fasa huhu, alhali riƙe numfashi shi ne dukan gwanintar Basarke.

Regileta da tukunya sun zauna a Gwangjo, an sayar wa mai gwangwan a kan kilo. Sauran sun bi kwantena zuwa Legas, suka isa Yawuri bayan wata uku, tsaf, ba ɗigon gishiri. Falmaran tana jikin direban jirgin Kawu, ana hura ta da baki kowace safiya. Dalmar an narkar an yi wa taru nauyi. Rigar roba tana rataye a zaure, babu wanda ya yarda ya gwada ta tun da labari ya riga ta isa. Injin na biyu kuwa Sarkawa ne suka ciro shi da rani, da numfashi ɗaya da igiya, kuma Kawu ya cire ladansu daga kuɗin da ɗan 'yar'uwarsa ke binsa.